Samari A Daina Yanke Salansa Don Neman Ƙara

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja kunnen samarinmu masu ƙananan motoci irin su Golf da Starlet. Yanzu yayi ake yi, sai yaro ya kai mota wurin mai walda a yanke salansa, a cire abin tace iska na inji, wai don ta riƙa ruri kamar jirgin sama.

Jama'a, ƙara fa ba ƙarfi ba ce. Abin tace iskan nan shi ke tare ƙura. In ka cire shi, ga hunturu ga hanyar burji, ƙura za ta shiga ta cinye ringi, mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai, daga nan sai sauke inji. Salansa kuwa in an yanke ta a ƙarƙashin mota, hayaƙi na iya shigowa ciki, kuma akwai guba marar wari a cikinsa mai sa juwa, har ta kan kashe mutum.

Mu ma ba mu tsira ba. Ranar kasuwa ko ranar kai amarya, jakuna su firgita su zubar da kaya, shanu su tsinke igiya, majinyaci da mai jego su kasa runtsawa. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, wa ke da kuɗin ɓarna?

Don haka ina kira ga masu unguwanni da shugabannin kanikawa da su tsawata. Iyaye kuma a sa ido. Allah Ya sa mu gane, amin.

Naka,
Wani manomi, ɗan tireda.