Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Haɗa Wayoyin Ofis



 Mai rubuto muku tsohon ma'aikacin waya ne da ya koyi sana'ar tun zamanin P&T, kafin a haɗe sashenta na tarho da NET a kafa NITEL a 1985. Ƙafa ta daina hawa tsani, amma har yanzu nakan shiga ofisoshi, kuma in na shiga, bayan tebur idona ke fara zuwa.

Bari in sauke nauyin yabo tukuna. Kun iya abin da mu ba mu iya ba. Wannan wayar tebur mai bin layin intanet, wadda kuke kira wayar IP, a yini guda kuke jera ta a ofis gaba ɗaya. Kebul ɗaya na iya kawo mata murya da wuta, kwamfuta ma ta samu layi daga bayanta. Reshen Kano ya danna lamba uku ya samu reshen Kaduna. Lokacin da GSM ta iso a 2001, layukan girke a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, mutum kan tsufa yana jiran nasa. Allah ya ƙara basira. Yabon ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikinku: da zarar allon waya ya kawo haske, lambar ɗaki ta fito, an buga kira ɗaya an ji “halo, kana ji na?”, sai ku naɗe jaka ku miƙa takardar kuɗi. A wurinku aiki ya ƙare. Ni kuwa a ganina ba a ma fara ba.

Mu ɗauki maganar wuta. Tsohuwar wayar girke ba ta san da zaman wutar gidanka ba. Daga musayar waya ake turo mata bolt 48 ta cikin wayar jan ƙarfe, a can kuma akwai ɗaki guda cike da manyan batura, da wanda aikinsa ke nan ya duba ruwansu ya rubuta a littafi. Unguwa ta yi duhu, ka ɗaga kan waya ka ji ƙararta tana nan. Waɗanda suka koyar da mu ba sa yarda a kira abu tarho in yana mutuwa tare da fitila, domin ranar gobara ko naƙuda ko ɓarayi, sau da yawa ranar ce babu wuta. Taku wayar fa? Ƙaramar kwamfuta ce. In an ɗauke wuta ta mutu, in janareta ya tashi sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana farfaɗowa, kiran da ake ciki kuma ya tafi. A ofishin da ake sauya wuta sau da yawa a yini, ku lissafa da kanku.

Abin haushin shi ne maganin yana hannunku. Tun 2003 aka fitar da ƙa'idar tura wuta ta kebul ɗin intanet, wadda kuke ce wa PoE, a lokacin kowace kafa tana iya ba da har wat 15.4, wayar tebur kuwa ba ta cin rabin haka in ba mai babban allo ba ce. Ma'ana, in kun ɗora suwic da rauta da akwatin da ke raba kira a kan UPS ko inbata guda mai lafiya, duk wayoyin ginin za su rayu. Maimakon haka me nake gani? Kowace waya da 'yar adaftarta a soket, a gefen na butar shayi. Ko kuma an sa suwic mai PoE ɗin, amma an jona shi kai tsaye a bango. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne kebul ɗin arha, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kun san shi, kun kankare shi da wuƙa kun ga farinsa. Ƙa'ida ta ce mita 100 iyaka, da jan ƙarfe na gaskiya ke nan. Da wancan, wayar ɗakin ƙarshe sai ta riƙa mutuwa tana tashi, ku ce wa mai ofis matsalar netwok ce. Ba netwok ba ne, kuma kun sani.

Akwai wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, da ya yi aiki da kamfanin tarho na Kopenhagen. A 1917 ya fitar da lissafin da ke nuna layi nawa ake bukata don kada masu kira su tarar da hanya a cushe, har yau da sunansa ake auna cunkoson kira. Mutumin ya zauna ya ƙirga. Ku ko awa nawa batir zai riƙe suwic ba kwa ƙirgawa, balle ku ware wa murya hanyarta, don kada wani ya kunna bidiyo a ɗakin akawu maganar manaja ta fara tsinkewa.

Laifi na biyu ya fi na farko muni, don shi ba ya nuna kansa sai ɓarna ta auku. Wayoyi da yawa suna fitowa daga kwali da suna admin, kalmar sirri ma admin. Haka kuke barinsu. Lambar ɗaki 101, kalmar sirrinta 101. Sannan ku buɗe ƙofar 5060 ga duniya baki ɗaya, wai don oga ya riƙa amsa kiran ofis daga gida. Wannan daidai yake da maƙerin da ya ƙera wa mutum ƙofar ƙarfe ya bar makulli a jiki ta waje. Akwai masu na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin wannan ƙofa. In sun samu, sai su jira Juma'a da daddare ofis ya watse, su yi ta buga kira zuwa lambobin ƙetare masu tsada waɗanda suke da kaso a kuɗinsu. Ranar Litinin kuɗin layi ya ƙare ƙaf, ko bashi ya hau kan ofis. Wa ake fara tuhuma? Maigadi da masinja, bayin Allah da ko kan wayar ba su taɓa ba. Wannan alhaki a wuyan wa yake?

Wasunku kuma sun karkata ɗaya gefen. Sun canja kalmar sirri, madalla, amma sun riƙe ta a aljihu, don ko suna za a gyara a allo sai an kira su an biya kuɗin mota. Wannan ba wayo ba ne, riƙe wa mutum kayansa ne. Mu a da, duk akwatin da muka gama sai mun bar taswirar layukansa a manne a cikin murfi, saboda wanda zai zo bayanmu. Ba mu san shi ba, amma mun san zai zo.

Ku yi haƙuri in harshena ya yi kaifi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na kuma san masu ofis na da nasu: a kawo musu lissafin UPS su soke shi da jan biro, su ce a rage. To ku rubuta musu a takarda cewa ba tare da shi ba waya za ta mutu duk lokacin da wuta ta tafi, su sa hannu. Da yawa in suka ga abin a rubuce sukan sake shawara.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Kafin ku naɗe jaka, ku kashe wutar ginin da hannunku, ku ɗaga kan waya ku ji. Ku rufe kiran ƙetare a duk ɗakin da ba ya bukatarsa, ku gwada ko lambar gaggawa ta 112 na fita, ku sa kalmomin sirri a ambulan ku damƙa wa mai ofis. Sannan ku ja kujera ku zauna da sakatariya, ku nuna mata yadda ake ajiye mai kira a layi da yadda ake miƙa shi wani ɗaki, ta yi da hannunta har ta iya, domin ita za ta wuni da wayar, ba ku ba.

Ku gaishe min da iyayenku da iyayen gidanku na sana'a.

Wassalam,
Babanku a sana'a.