Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk ɗan Arewa mazaunin Idi-Araba ko Agege a Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun, wanda ya taɓa kai majiyyaci asibitin koyarwa da tsakar dare, ya san ba babban likita yake tararwa ba. Wanda ke tarbarsa shi ne likita mai neman ƙwarewa, wato wanda ya gama jami'a, yake aiki yana kuma koyon wani fanni a ƙarƙashin manya. Ashe ke nan karatun wannan likita magana ce da ta shafi ran talaka.

Kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci, wadda aka kafa a 1979, take kuma da mazauni a Ijanikin, tana yi musu jarrabawa mataki-mataki, har da rubuta kundin bincike a matakin ƙarshe. Waɗansunsu sun mai da al'ada su jingine littafi sai jarrabawa ta ƙarato, sa'an nan su kwana suna haddar gaggawa. Mai yin haka yana iya cin jarrabawa, amma abin da aka cusa a kai cikin mako biyu ba ya jimawa yake zubewa. Ciwo kuwa ba ya jiran ranar jarrabawa.

Ban da haka, ilmin likitanci ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2005 Nijeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar atesunet a kan kwinin ga yaran da zazzaɓin ya yi wa tsanani. Likitan da ya yi sallama da karatu sai ya ci gaba da ba da maganin jiya, yana zaton daidai yake yi.

Gaskiya ne aiki ya yi wa waɗannan likitoci yawa, ga kwanan asibiti, ga abokan aiki suna ta ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya. To, amma wannan shi ne dalilin da ya sa karatun sa'a guda kullum ya fi na dare goma a jere. Wanda ya duba majiyyaci da safe, ya karanta ciwonsa da maraice, da wuya ya manta.

Saboda haka wajibi ne shugabannin asibitoci su keɓe lokacin karatu, kada a cinye shi da aiki. 'Yan'uwa mazauna Kudu su ma da nasu alhakin. Idan ɗan gida yana neman ƙwarewa, bai kyautu a mai da ɗakinsa zauren fira ba, ko a riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa a kan kowane ciwon kai. A bar shi da littafinsa, domin wata rana a hannunsa za a kwanta. Allah ya sa a gane.