Tsohon Soja Da Ma'aunin Ciwon Baya

A ƙasar Amurka, tsohon sojan da ya samu rauni a gadon bayansa a bakin aiki yana da hakkin karɓar diyya kowane wata daga Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji. Yawan kuɗin kuwa galibi ya danganta ne da iyakar yadda mutum zai iya sunkuyawa a gaban likita. Lafiyayye yakan sunkuya har digiri 90. Wanda bai iya wuce digiri 60 ba, akan lissafa masa nakasar kashi 20 cikin ɗari, wanda kuma ya tsaya a digiri 30 ko ƙasa da haka, kashi 40.

Babu shakka dukiyar jama'a tana bukatar tsaro, kuma tilas ne hukuma ta kasance da ma'aunin da za ta bambanta mai gaskiya da mai ƙarya. To amma ciwon baya ba kullum yake a hali ɗaya ba. Mutum ya iya sunkuyawa ranar gwaji da safe, bayan kwana uku kuma ya kasa ɗaura takalminsa. Nan ne asalin ƙorafin masu ɗaukaka ƙara da yawa.

Kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, wadda aka kafa a 1988, ta gane wannan. A shari'ar DeLuca ta 1995 ta yanke cewa lalle ne a duba yadda zafin ciwo da gajiya ke rage wa mutum ƙarfin motsi. A shari'ar Sharp ta 2017 kuma ta wajabta wa likita ya tambayi majiyyaci halin da yakan shiga in ciwon ya tashi, ya kuma ƙiyasta nakasar, ko da bai gani da idonsa ba. Dokar da ta fara aiki a 2019 ta buɗe hanyoyi uku: babban jami'i ya sake duba takardu, ko a kawo sabuwar shaida, ko a tafi gaban hukumar ɗaukaka ƙara.

Duk da haka, ɗaukaka ƙara magani ne bayan an yi ɓarna. Abin da ya kamata shi ne likitan farko ya yi waɗannan tambayoyi tun a zaman farko, ya rubuta amsoshin filla-filla. Rundunar soja ita ma wajibi ne ta adana takardun asibitin kowane soja, domin wanda ya danne ciwonsa yana saurayi don kada a ce masa rago, shi ne yakan rasa shaida in tsufa ya zo. Wanda ya ɗauki kayan yaƙi a bayansa domin ƙasarsa bai cancanci ya ƙare kwanakinsa yana bin ofisoshi da sanda ba.