SAMANJA MAZAN FAMA DA HAUSAR BAƘO

Ran 12 ga watan Nuwamba 1923 ba ta da wani tarihi gare mu, amma ran 12 ga Nuwamba 2023 tana da shi, domin a ranar ce Allah Ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa, watau mutumin da duk Arewa ta sani da sunan Samanja Mazan Fama. Allah Ya jiƙansa. Tun daga lokacin an yi ta yabon gwanintarsa, amma akwai abu guda da mu ke gani ba a tsaya an auna shi sosai ba. Wannan mutum da ya shekara da shekaru yana ba Hausawa dariya da harshensu, ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi, a bakin kogin Kwara.

Ya bar garinsu ya zo Kaduna, inda aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Jihar Arewa cikin 1962. Ya yi aikin soja, ya ga zaman bariki da idonsa. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojoji sun yi yawa ƙwarai a ƙasar nan, farar hula kuwa na jin tsoronsu. Sai ya ɗauki saje-manja, mai tsawa da muzurai, ya sa shi a rediyo, daga baya a talbijin, yana surka Hausar bariki da guntayen Turanci. Jama'a suka ga ashe mai kaki ma mutum ne, yana kuskure, yana shan kunya a gidansa. Dariya ta rage tsoro.

Irin wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. Bob Hope, wanda Amurkawa suka daɗe suna sauraro a rediyo da talbijin, a Ingila aka haife shi cikin 1903. Dalili kuwa a fili ya ke. Ɗan gari ya saba da al'adarsa har ba ya ganinta, baƙo kuwa dole ya kasa kunne, ya lura da kome, kafin ya buɗe baki. Wannan lura ita ce jarin mai ban dariya.

To, me ya kawo mu nan ƙasar Yauri cikin zancen? Kogin da ya ratsa Pategi shi ne ya fara bi ta gabanmu. Kuma duk wanda ya shiga kasuwar Yelwa ko ta Wara ya san yadda mu ke. Ga Gungawa, ga Kambari, ga Dukkawa, ga Shangawa, ga Nufawa da Yarabawa 'yan kasuwa, ga Sarkawa masunta. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, ruwa ya ci tsibirai da ƙauyuka, aka ta da mutane dubbai aka sake musu matsuguni, cuɗanya ta ƙaru. Hausa ce ta haɗa su duka, amma da yawansu ba ita suka sha a nono ba.

Nan ne abin ya shafe mu, mu malaman makaranta. Mun sha ganin yaro ya zo daga ƙauyen Ngaski ko Shanga, ya ce “mace ya zo”, aji ya tuntsire da dariya, wani lokaci har da malam. Daga ran nan yaron ya kama bakinsa, ba ya sake tambaya, ba ya ba da amsa. Wani ma sai ya koma kwalekwalen ubansa, makaranta ta yi hasararsa ke nan.

Saboda haka ya kamata a bambanta dariya iri biyu. Samanja kansa ya ke sa wa a gaba, shi ne mai wasan, shi ne kuma abin dariyar, ba wanda ya tashi daga gaban akwatin da jin an wulakanta kabilarsa. Wannan daidai ya ke da wasan da kakanninmu suka gada, kamar na Katsinawa da Nufawa, ko na Fulani da Barebari, inda kowa ke da damar ramawa. Amma a cikin waɗansu finafinai da wasannin wayar hannu na yanzu, sai ɗan gari ya ari bakin baƙo, ya mai da shi wawa, baƙon kuwa ba shi da wurin mai da martani. Wannan ba wasa ba ne, gori ne.

Muna roƙon gidajen rediyon Jihar Kebbi su buɗe ƙofa ga samarin bakin tafki masu baiwar ban dariya, ko da Hausarsu da gargada. Muna kuma jan kunnen malamai, musamman waɗanda ke kan koyon aikin, su gyara wa yaro harshe ba tare da sun karya masa zuciya ba. Hausa ba ta yaɗu da gori ba, da maraba ta yaɗu. Wa ya sani ko cikin yaran nan da a ke yi wa dariya yau akwai wanda gobe Arewa duka za ta taru ta saurara?