MAI ALƘALAMI MA ƊAN KASUWA NE

Matasa da dama a ƙasar nan, maza da mata, waɗanda suka gama makaranta aikin albashi bai samu ba, sun juya ga alƙalami suna neman abinci da shi. Wani ƙagaggun labarai yake rubutawa, wani jaridu yake aika wa sharhi a biya shi, wani kuwa fassara yake yi ko tsara wa kamfanoni kalmomin talla. Irin wannan mutum shi ake kira marubuci mai zaman kansa, watau wanda ba shi da ubangidan da zai ba shi albashi a ƙarshen wata. Sana'a ce mai daraja, amma yawancin waɗanda suka faɗi a cikinta wajen sayarwa suka faɗi, alhali kuwa rubutunsu ba shi da laifi.

Dalilin wannan yana da tushe a tarihi. Marubutan farko na boko ba su san wahalar talla ba, domin hukuma ce ta ɗauke musu ita. A shekarar 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukansu malamai ne masu albashi. Hukuma ta buga littattafan, ta kuma kai su makarantu. Haka abin ya ci gaba a hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, har zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Aikin marubuci a wancan zamani shi ne ya rubuta ya miƙa, sauran kuwa na wasu ne.

To, da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare a shekarun 1980, musamman bayan shirin SAP na 1986 wanda ya karya darajar naira, sai takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta waɗanda cinikinsu tabbas ne. Mai ƙagaggen labari ya rasa inda zai kai kayansa. A nan ne samari da 'yan matan Kano suka tuna cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Suka tara 'yan kuɗinsu, suka kai wa ƙananan maɗaba'u, suka ɗauki littattafansu da hannunsu zuwa Kasuwar Sabon Gari da tashoshin mota. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa duk ta wannan hanya suka yi suna. Masu ilmi suka raɗa wa abin Adabin Kasuwar Kano, da farko cikin raini, amma sunan ya faɗi gaskiya, domin a kasuwa abin ya rayu.

Dabarun da waɗannan marubuta suka yi dabarun ɗan tireda ne. Da yake jarinsu ƙanƙane ne, sai su raba labari kashi biyu ko uku, su tsayar da na ɗaya a daidai inda mai karatu ya ƙagu ya ji ƙarshe. Kuɗin na ɗaya shi ke buga na biyu, kuma farashin kowane kashi bai fi ƙarfin ɗalibi ko matar aure ba. Bugu da ƙari, da suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, kowa yana jera sunayen littattafan 'yan'uwansa a cikin nasa. Ta haka littafi guda ya zama tallar littattafai da yawa, ba a biya kowa ko kwabo ba. Sun kuma san masu sayen kayansu sarai, da abin da ke damunsu na aure da kishi da neman ilmi, don haka ba su yi rubutu a kan iska ba.

Darasi na farko ke nan ga mai shiga sana'ar a yau, watau ya san wa zai saya tun kafin ya fara. Na biyu shi ne lissafi. Marubuta da yawa kuɗin takarda da na maɗaba'a kaɗai suke ƙirgawa, su manta da kuɗin mota, da na mai zanen bango, da na mai gyaran rubutu, da ladan dillali, da uwa uba watannin da suka shafe suna aikin. A ɗauka mutum ya buga kwafi 1,000, kuma sai ya sayar da 700 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ribarsa duka tana cikin 300 na ƙarshe, waɗanda su ne suka fi wuyar fita. In ya yi kyautar 100 ga dangi da abokai, ruwa ya ɓata 50, to, rabin ribar ya tafi tun bai ankara ba. Mai sayar da ƙosai ba ta barin wannan lissafi ya kuɓuce mata, balle mai ilmi.

Na uku shi ne sha'anin bashi. Al'adar cinikin littafi ita ce a ba mai shago kaya, sai ya sayar ya biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ba a rubuta ba shi ke kashe jari. Ya kamata marubuci ya riƙe littafin lissafi, ya rubuta ranar da ya ba da kaya, da yawansu, da ranar biya, mai shago ya sa hannu, kuma kada ya ƙara wa wanda bai biya na baya ba. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sayar da labari ɗungurungum ga ɗan kasuwa saboda matsin yau. In littafin ya karɓu aka yi ta sake buga shi, sai a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare aikin marubuci tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma ba ta amince da sallama haƙƙi ba sai a rubuce. Saboda haka kada mutum ya sa hannu a takardar da bai karanta ba.

Wanda yake yi wa jarida ko kamfani aiki shi ma wannan hukunci ya hau kansa. Kunya takan hana matashi faɗin farashi, sai ya ce a ba shi abin da ya sauƙaƙa, daga baya ya koma yana guna-guni. Daidai shi ne a yi ciniki kafin a fara, a faɗi yawan aikin, da ranar gamawa, da sau nawa za a yi gyara, a kuma karɓi kafin alƙalami. Cika alkawari kuwa shi ne babbar talla, domin editan da ya sami aiki a kan lokaci shi zai sake nema.

Zamani ya sauya, kasuwar ta koma cikin wayar hannu. Marubuta da yawa yanzu ta WhatsApp suke sayar da labaransu, su saki shafukan farko kyauta, mai son sauran ya biya. Tsohuwar dabarar kashi na ɗaya da na biyu ce ta sake riga. Sai dai wayar tana da nata ramin, domin mutum ɗaya yakan saya ya tura wa ɗari. Kazalika rumfar aro ba abin dogaro ba ce. Dandalin OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 marubuta da yawa suka zuba littattafansu a cikinsa, ya rufe a 2023. Wanda ya san masu karatunsa kai tsaye ya ci gaba da ciniki, wanda ya dogara ga dandalin kaɗai kuwa ya koma neman abokan ciniki daga farko.

Iyaye da malamai su daina nuna wa yara cewa talla ƙasƙanci ce ga mai ilmi, makarantun koyon aikin jarida kuma su haɗa darasin rubutu da na lissafin kasuwa. Abubakar Imam ya raɗa wa shahararren littafinsa suna Magana Jari Ce, jari kuwa sai an juya shi yake haihuwa. Allah Ya ba masu alƙalami sa'ar kasuwa, amin.