Kuɗin Wasanni a Manyan Makarantun Zamfara: A Fito da Lissafi

Tun da aka buɗe shafin asusun lamunin karatu na NELFUND a watan Mayun 2024, kuɗin rajistar ɗalibai da yawa a wannan yanki ya zama bashi. Asusun ne ke tura kuɗin kai tsaye zuwa makaranta, ɗalibi kuma zai fara biya shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. A jerin abubuwan da ake karɓa a takardar rajista, tsakanin kuɗin asibiti da na ɗakin karatu da na katin shaida, akwai layin da kusan kowace babbar makaranta a Nijeriya ke sakawa, wato kuɗin wasanni. Ke nan yaron da ya fito daga Moriki ko Shinkafi ko Zurmi, wanda 'yan bindiga suka raba mahaifinsa da gonarsa ta nesa, bashi yake ci don ya biya kuɗin ƙwallo da koci da fili. Haƙƙinsa ne a gaya masa inda kuɗin ya shiga.

Yanzu da hukumomin gudanarwa ke fuskantar kasafi a ƙarƙashin sabuwar dokar haraji, wannan jarida tana kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talatar Mafara, da kowace makaranta irinsu, su fito da lissafin wasanni su manna a allo. Nawa aka karɓa da sunan wasanni a zangon da ya wuce, nawa aka kashe, a kan me, kuma mutum nawa ne ke aiki a sashen.

Ba mu ce wani ya ci kuɗi ba. Abin da ke faruwa a makarantun ƙasar nan ya fi sata sauƙin aikatawa, ya kuma fi ta wuyar kamawa. Tun daga 2015, da aka tilasta wa hukumomin tarayya amfani da asusun bai-ɗaya, ɗalibi yakan biya ta Remita, kuɗin ya faɗa wuri guda. A takardar rajista kowane layi da sunansa, amma da zarar kuɗin ya shiga asusu sai sunan ya ɓace. Man janareta ya ci nasa, kamfanin wuta ya karɓi nasa, jarrabawa ta zo da buƙatar takardu, baƙi masu tantance kwasa-kwasai su iso. Kafin a waiwayo kan wasanni, asusu ya yi ƙasa. Daraktan wasanni, wanda da sunan sashensa aka karɓi kuɗin, shi ne zai riƙa rubuta takarda yana bin ofishin ma'aji yana roƙo, kamar alfarma yake nema. In an tausaya masa a ba shi rabin abin da ya rubuta, shi ma sai ana saura kwana kaɗan a tafi gasa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen ma'aikata. A ƙaramar makaranta, sashen wasanni sau da yawa mutum ɗaya ne da tebur da kabad mai kwaɗo. Wani lokacin ma malami ne da ke da cikakken nauyin koyarwa aka ɗora masa muƙamin a matsayin ƙarin aiki. Masu horarwa kuwa, waɗanda su ne ke tsayawa a rana tare da yara, yawanci 'yan wucin gadi ne. Tsohon ɗan ƙwallo daga cikin gari, a kira shi in gasa ta ƙarato, a ba shi ɗan abin da ya samu, a sallame shi in an dawo. Ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba tabbacin ko za a sake nemansa. Gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024. Muna so kowace makaranta ta nuna a rubuce ko mutumin da ke horar da ƙungiyarta yana samun ko da wannan a kowane wata, ko kuwa alawus ɗin mako biyu ne duk shekara.

Koci ɗaya ba zai iya ƙwallon ƙafa da ta kwando da ta raga da guje-guje da tsalle-tsalle ba, amma haka ake sa shi ya yi. Mai kula da fili, wanda zai yanke ciyawa da damina ya zana layi ya tsare raga daga ɓarayi da awaki, babu shi a tsarin ma'aikata. Mai duba rauni a bakin fili, babu. Yaro ya targaɗe ko ya karye a atisaye, abokansa ne za su ɗauke shi a babur, iyayensa su biya magani, alhali ya biya kuɗin wasanni ya kuma biya na asibiti. Sai kuma batun da ake kauce wa faɗa. Ɗaliba mace ita ma tana biyan wannan kuɗi daidai da namiji. A ƙasar Zamfara, uba ba zai yarda 'yarsa ta fita atisaye ba sai in mace ce ke horarwa, a wuri killatacce, da sutura ta mutunci, kuma yana da gaskiya. Makarantar da ba ta ɗauki mace mai horarwa ko ɗaya ba ta karɓi kuɗin ɗalibanta mata a kan abin da ta san ba za su amfana da shi ba.

Shekara da shekaru uzurin shi ne tsarin biyan albashi na IPPIS ya ɗaure hannun shugabanni, ba su iya ɗaukar ko masinja sai da izinin Abuja. A watan Disambar 2023 majalisar zartaswa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga wannan tsari. Mun sani har yanzu akwai ofisoshin da ake bi kafin a ɗauki ma'aikaci. Amma duk lokacin da aka sami izinin ɗaukar aiki, ana cike gurbin ofisoshi da 'ya'yan wane da wane, sashen wasanni kuwa ko a jerin buƙatu ba ya fitowa. Wannan zaɓi ne na shugabanni, ba laifin kwamfuta ba.

Sakamakon kowa ya san shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake haɗa ƙungiya, mako biyu kafin gasar NUGA ta jami'o'i ko NIPOGA ta kwalejojin fasaha. Da yake ba a horar da kowa ba, sai jarabar ɗauko sojojin haya ta taso, a nemo 'yan wasan kulob daga gari a yi musu katin ɗalibi, cutar da ta daɗe tana zubar da mutuncin gasar makarantu a ƙasar nan. Ɗalibin gaskiya, wanda kuɗinsa ne ya sayi rigar, yana zaune a benci ko an bar shi a gida. Waɗanda aka tafi da su su kwana a aji kan tabarma, su dawo suna bin alawus ɗinsu wata da watanni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar da za ta kai ƙungiya daga Ƙauran Namoda zuwa kudu ta dawo da ita ya isa ya lashe kasafin sashen gaba ɗaya, shi ya sa ƙananan makarantu ke rage tawaga ko su haƙura.

Ita kanta NUGA ba ta taimaka ba. Gasar da aka fara a Ibadan a 1966, wadda ya kamata a riƙa yi duk shekara biyu, an yi ta a Ile-Ife a 2014, sai Makurɗi a 2017, sai Legas a 2022. Ɗalibi zai iya shiga jami'a ya fita bai ga ko ɗaya ba. Amma a duk waɗannan shekarun da ba a yi gasa ba, ba mu ji makarantar da ta dakatar da karɓar kuɗin wasanni ba. Ina kuɗin shekarun suka tafi? Wannan tambaya ita kaɗai ta isa dalilin fito da lissafi.

Za a ce mana makarantar da ke fama da kuɗin wuta da katanga da masu gadi, a jihar da aka sace ɗaliban jami'a a Sabon Gida a ranar 22 ga Satumbar 2023, ba ta da sukunin tunanin ƙwallo. To, in haka ne a cire layin daga takardar rajista, a daina karɓa. Ba a yarda a karɓi kuɗi da sunan abu, a kashe a wani, sannan a ce wa mai kuɗin abin da ya biya ba shi da muhimmanci ba. In ana buƙatar kuɗin tsaro, a rubuta kuɗin tsaro, a kare shi a gaban iyaye da ɗalibai.

Kuma rashin tsaron da ake fakewa da shi, shi ne ma babban dalilin a riƙe wasanni da gaske. A watan Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, an rufe makarantun jihar, an katse layukan waya, ga kasuwannin mako an riga an dakatar da su. Yaran da ke sakandare a lokacin su ne ke shigowa manyan makarantu yau. Da yawansu sun tashi ba su san gasar gidaje ta makaranta ba, ba su san wasan sada zumunta tsakanin gari da gari ba, domin hanyar Ƙaura zuwa Zurmi da ta Shinkafi ba hanyoyin da ake ɗibar yara a mota don ƙwallo ba ne. Dandalin kokawa da dambe na bayan kaka, wanda ya ba mawaƙa irin su Ɗan Anace abin waƙa, ya yi sanyi a ƙauyuka da dama saboda taron dare ya zama haɗari. Fili mai katanga a cikin makaranta, da rana tsaka, yana daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda saurayi zai iya gajiyar da jikinsa a kan abin kirki, ya haɗu da ɗan wata ƙabila a ƙungiya ɗaya, ya koyi bin doka da karɓar rashin nasara. Waɗanda ke kukan shaye-shaye a tsakanin ɗalibai su ne ya kamata su fara tambayar abin da ya sa yammacin Laraba, da jami'o'i da yawa suka ware wa wasanni a takarda, ya koma lokacin lacca da gwaji.

Kokawa da dambe da langa duk suna cikin Bikin Wasanni na Ƙasa, ana cin lambobi da su. Ba su buƙatar fili mai tsada, yashi ne da mai horarwa da alƙali da mai duba lafiya. Makarantar da ke zaune a tsakiyar ƙasar 'yan kokawa, in ba ta da ƙungiyar kokawa, ba rashin kuɗi ne ya hana ta ba.

Dubi inda ake yin abin da gaske. Jami'ar Fatakwal ta daɗe tana mamaye teburin NUGA saboda tana da cibiyar wasanni da ma'aikata na dindindin. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, jami'a ce a jihar Texas ta Amurka ta ba ta gurbi da koci da fili. A wasannin Olamfik na Faris a 2024 Nijeriya ta dawo ba lamba ko ɗaya, aka yi ta kumfar baki, aka rushe ma'aikatar wasanni a watan Oktoba na shekarar aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Canjin suna a Abuja ba zai haifar da ɗan wasa ba matuƙar ƙaramar makaranta ba ta da wanda zai riƙe agogo ya auna gudun yaro.

Mu a nan mun saba da jira. An ƙirƙiro jihar a 1996, ba ta ga jami'a ba sai 2013. Kwalejin Ƙauran Namoda tun 1983 take, ta girmi jihar kanta, ita ce babbar makarantar da ta fi kusa da mutanen Moriki da Zurmi da Shinkafi. Layin dogon da ya ƙare a Ƙaura ya yi shiru, ƙungiyar ƙwallo ta Zamfara United ta daɗe da barin babbar gasar ƙasa, kuma kowace gwamnati takan zo da alƙawarin gini. Filin wasa na Sardauna da ke Gusau, ko an mayar da shi sabo fil, gini ne, ba ya horar da kowa. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwambar 2023. A matsayinsa na mai jami'ar Talatar Mafara, umarni ɗaya daga gare shi ya isa a fito da lissafin wasanni na makarantun jiha, kuma ba zai ci masa ko kwabo ba.

Dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta maye gurbin harajin ilimi da sabon haraji na kashi 4 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta sami rabi, NELFUND ta sami kashi 15. An tsira daga shirin farko na yaye TETFund gaba ɗaya. Amma TETFund gini take yi, ba ta biyan albashi. Za ta iya shimfiɗa filin ƙwallon kwando, ba za ta ɗauki koci ba. Albashin mai horarwa da ƙwallo da magani da mota daga kuɗin ɗalibi da kasafin makaranta za su fito, don haka hukumomin gudanarwa su ware kuɗin wasanni a layinsa na daban wanda ba a taɓawa sai da sa hannun kwamitin da ke da wakilin ɗalibai, mace da namiji. Su ɗauki masu horarwa na dindindin, a cikinsu har da mace, su kuma daina jingina sashen a wuyan malamin da aiki ya riga ya yi wa yawa.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnatin tarayya kwana 7 ta amsa wa duk wanda ya nemi bayani a rubuce. Ƙungiyoyin ɗalibai na Ƙauran Namoda da Gusau su rubuta, iyaye da masu sarauta na Moriki da Zurmi da Shinkafi su mara musu baya, 'yan majalisar da ke wakiltar yankin su tambaya in shugabannin makarantu sun zo kare kasafi. Makarantar da ta fito da lissafinta, za mu buga shi a wannan shafi yadda ta ba da shi. Wadda ta kasa nuna inda kuɗin wasanni na bara ya shiga, ta cire layin daga takardar rajista kafin a buɗe zango mai zuwa.