Kiɗa Ma Kallonsa Ake Yi

Ya ku ɗalibai, na yanzu da waɗanda suka gama, bana ina so mu ɗan taɓa zancen kiɗa. Na lura yawancinku ba ku iya sauraron waƙa ɗaya har ƙarshenta. Da ta yi minti ɗaya a waya sai yatsa ya ture ta, a nemi wata. Kuma kusan duk abin da kuke ji kwamfuta ce ta haɗa shi a ɗakin ɗaukar murya, ba ku taɓa ganin hannun da ya kaɗa ba. A ganina wannan asara ce, musamman ga ɗan Zamfara.

Bari in fara da misali daga nesa. A Ingila, daga wajen 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1970, wasu samari masu kiɗan rok sun gaji da waƙar minti uku da gidajen rediyo ke so. Sai suka shiga tsara kiɗa mai tsawo, mai gaɓa-gaɓa, wanda ke sauya tafiya a tsakiya. Turawa na kiransa furog, mu kuwa mu ce dogon rok. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da "Close to the Edge", waƙa ɗaya mai minti 18 da ta cinye gefe guda na faifan garmaho. A wannan shekarar Jethro Tull suka yi "Thick as a Brick", wadda ta haura minti 40, sai an juya faifai kafin a ji ƙarshenta. Jagoransu Ian Anderson sarewa yake busawa a tsakiyar jita da ganguna, sau da yawa yana tsaye a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Suna kuma amfani da wani abin kiɗa wai shi melotoron, mai kama da fiyano, wanda kowane maɓallinsa ke jan zaren kaset mai ɗauke da sautin goge ko sarewa na kimanin daƙiƙa 8. Idan ya ƙare, dole mai kiɗa ya ɗaga yatsa ya sake dannawa. Wanda ya ji a faifai kawai ba zai san wannan dabarar ba. Shi ya sa masoyansu ke cika fili don su ga ko mutum biyar za su iya maimaita abin a gaban jama'a ba tare da sun ɓata ba.

Gaskiya wasu daga cikinsu sun zarce, kiɗan ya koma nuna gwaninta kurum, har mai sauraro ya yi hamma. Amma nagarinsu sun koya wa mutanensu zama a saurara.

To, mu nan wa zai koya mana wannan? Ai a gida muka gaje shi. Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo Maradun, makaɗin kotso da ya yi wa Sardauna da 'Yandoton Tsafe waƙa, ya rasu a 1991. Ga kuma Sa'idu Faru. Waƙoƙinsu ba na gaggawa ba ne. Akwai gindin waƙa da ake komawa kansa, akwai ɗiyan waƙa da jagora ke saƙawa ɗaya bayan ɗaya, kuma kiɗan yakan sauka ya hau gwargwadon abin da ake faɗi. A ƙungiyar Ɗanƙwairo 'yan amshi ba maimaici kaɗai suke yi ba. Jagora zai fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani ya karɓa daga bakin wani, ba mai karo da ɗan'uwansa, alhali ba takarda a gaban kowa. Wannan aiki ne na shekaru ana zama tare.

Kayan kiɗan su ma sai an gani. Da na tambayi aji bambancin kotso da kalangu, shiru na ji. Kalangu baki biyu gare shi, ana matse tsarkiyarsa a hammata ana dukansa da lanƙwasasshen makaɗi. Kotso kuwa baki ɗaya ne aka rufe da fata, ƙasansa a buɗe, da hannu ake kaɗa shi, kuma akan liƙa nake a tsakiyar fatar don amon ya yi zurfi. Taushi shi ma da hannu ne, amma jikinsa kamar akushi. A kaset duk sai su zame maka "ganga". A fili ne za ka ga yadda makaɗi ke kallon bakin jagora, ya ja tsarkiya daidai lokacin da kalma ta hau, har kotson ya faɗi abin da mawaƙi ya faɗa. Za ka ga sanƙira na kutsawa da kirari a ɗan sararin da aka bar masa. Kuma waƙar da aka yi yau a ƙofar fada ba ita za a yi gobe ba, domin idan wani babban baƙo ya iso, nan take za a ɗinka masa ɗa.

Wani zai ce ai wannan roƙo ne da yabon sarakuna. Akwai wannan, ban musa ba. Sai dai mai koyon gini yana duba tsarin soro ko da bai san mai gidan ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana rubuta tarihin makaɗan nan, ana nazarinsu a jami'o'i, mu da ke zaune a garinsu ba mu ko leƙa ba.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Rashin tsaro ya rage tarukan dare da tafiye-tafiye tsakanin Gusau da Tsafe da ƙauyukan Bunguɗu, kuma masu biki da yawa sun gwammace su ɗauko lasifika da mai kwamfuta, don ya fi araha a kan ciyar da ƙungiyar mutum goma. Ɗan makaɗin da ya ga ba a neman ubansa, da wuya ya zauna ya koyi ɗaure fata.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a ranar rabon kyaututtuka mai zuwa a gayyato makaɗan kotso ko taushi da rana tsaka, a biya su hakkinsu yadda ya kamata. A ba su minti 30 cur, kada mai gabatarwa ya katse su. Yaranmu masu buga gangar fareti su zauna a sahun gaba inda za su ga hannu, bayan an tashi kuma a bar su su riƙa kotson su tambayi yadda ake haɗa nake.